Kibiyar da ake zanawa a kan waya ba ta mayar da kwararar lantarki bekta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata tambaya ta ilmin fiziks wadda mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙarama ce, amma ni da na shafe shekaru masu yawa ina koyar da wannan darasi a makarantar sakandare, ban taɓa ganin shekarar da ta wuce ba tare da ta rikita ɗalibai ba, musamman ma masu kaifin basira daga cikinsu. Tambayar ita ce: me ya sa ake lissafa kwararar lantarki a cikin adadin da ake kira sikela, wato waɗanda suke da girma kawai, alhali kuwa duk wanda ya buɗe littafin fiziks zai tarar an zana mata kibiya a kan waya ana nuna inda ta dosa?

Wata ɗaliba ce ta fara ɗora mini wannan tambaya, tun ina sabon shiga aikin. Na raba allo gida biyu, a ɗaya gefen na jera sikela, irin su lokaci da zafi da makamashi da kwararar lantarki, a ɗaya gefen kuma na jera bekta, irin su ƙarfin turi ko ja da saurin tafiya tare da inda aka nufa. Ban ajiye alli ba sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, makon jiya ka ce kwarara tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta zagaya, ta koma ta ɗaya kan, har ka zana mana kibiya. Yau kuma ka ce duk abin da yake da girma da alƙibla bekta ne. To, yaya aka yi ita ta zama sikela?" Abin da na ce mata a ranar shi ne haka masana suka tsara, ta riƙe shi haka saboda jarrabawa. Ta zauna ta rubuta, amma na ga a fuskarta ba ta gamsu ba, kuma har yau wannan amsa tana damuna, domin yarinyar ta yi tunani daidai a kan ma'anar da na ba ta. Giɓin yana cikin ma'anar da na rubuta a allo, wadda ita ce dai ake rubutawa a azuzuwa da yawa har yanzu.

Cewa bekta abu ne mai girma da alƙibla rabin magana ne. Sauran rabin, wanda shi ne mafi nauyi, shi ne yadda abubuwan suke haɗuwa idan an tara su. Idan mutum biyu suka ɗaura igiya a jikin dutse guda, ɗaya ya ja gabas da ƙarfin niyuton 3, ɗayan ya ja arewa da ƙarfin niyuton 4, dutsen ba zai ji jan niyuton 7 ba. Zai ji jan niyuton 5 ne, kuma zuwa wani sashe da ke tsakanin gabas da arewa. Idan su biyun suka koma gefe guda suka ja tare, sai ya ji 7, idan kuma suka ja gaba da gaba, abin da zai rage 1 ne kacal. Ke nan adadi biyun nan ba su sauya ba, amma jimlarsu tana yawo tsakanin 1 da 7 gwargwadon kusurwar da ke tsakanin igiyoyin. Wannan dogaro da kusurwa shi ne tambarin bekta, kuma duk adadin da ba ya haɗuwa ta wannan hanya ba ya shiga sahunsu, ko da an zana masa kibiya goma.

Akwai ƙaramin gwaji da kowa zai iya yi da littafin da ke hannunsa don ya ga cewa girma da alƙibla kaɗai ba su wadatar ba. A ajiye littafi a kan tebur, a mirgina shi gaba da digiri 90, sannan a mirgina shi dama da digiri 90, a lura da yadda ya tsaya. A maido shi yadda yake, a sake yin juyin biyu amma a fara da na dama. Za a tarar littafin ya ƙare a wani yanayi dabam. Kowane juyi yana da girma, yana kuma da sandar da ake juyawa a kanta mai fuskantar wani sashe, duk da haka masana ba sa lissafa babban juyi irin wannan a cikin bekta, saboda a wajen tara bekta ba ruwan jimla da wanda aka fara da shi.

Yanzu sai mu kai kwararar lantarki gaban wannan ma'auni. Tun bayan ranar da na kasa amsa wa ɗalibar nan, ba na shiga wannan babi sai da batir da ƙananan ƙwayayen fitila biyu da na'urar awon kwarara guda uku, wadda ake kira amita. Nakan haɗa ƙwayayen a reshe biyu, kowane reshe da amitarsa, sannan rassan su haɗu a mahaɗa guda su zama waya ɗaya mai komawa batir, ita ma da tata amitar. Ma'aunin kwarara shi ake kira amfiya. Mu ɗauka ta farko ta nuna amfiya 0.3, ta biyu ta nuna 0.4, ta ukun za ta nuna 0.7. Sai in kira ɗalibi ɗaya in ce ya kama wayoyin biyu da yatsunsa dab da mahaɗar, ya buɗa su har su yi kusurwar digiri 90, sauran kuma su zuba wa amita ta uku ido. Da a ce kwarara bekta ce, da allurar ta sauko zuwa 0.5, kamar yadda jan igiyoyin nan ya sauko daga 7 zuwa 5. Allurar ba ta motsi. Yakan ƙara buɗa su har su fuskanci juna, ɗaya ta shigo daga hagu ɗaya daga dama, inda lissafin bekta zai ce saura 0.1, amma allurar tana nan a kan 0.7. Wani lokaci ɗaliban da kansu suke karɓe wayar, su nannaɗe ta a jikin fensir, su ƙulla ta, su ɗaga ta sama, suna neman yanayin da zai sa allurar ta gusa, kuma na fi son wannan lokacin a kan duk sauran darasin, domin a nan ne suke daina karɓar maganar daga bakina su karɓe ta daga abin da idonsu ya gani.

Dalilin da ya sa allurar ba ta motsi yana cikin ma'anar kwarara ita kanta. Kwarara ƙidaya ce: yawan cajin lantarki da ya ratsa wani wuri a jikin waya a cikin daƙiƙa guda. Amfiya ɗaya tana nufin kulom ɗaya na caji ya wuce a daƙiƙa ɗaya, kuma kulom ɗaya ya yi daidai da cajin ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da caji a cikin waya, guda kimanin 6.24 × 10¹⁸, wato biliyan sau biliyan har sau shida da ɗoriya. Caji sikela ne, lokaci ma sikela ne, saboda haka idan an raba ɗaya da ɗaya ba inda alƙibla za ta ɓullo. Mai tsaron ƙofa da aka ce ya ƙirga mutanen da suke shiga a kowane minti ba ya tambayar wanda ya zo daga kudu ko daga yamma. Idan 30 sun biyo ta wannan hanya, 40 ta waccan, abin da zai rubuta 70 ne. Haka mahaɗar waya take. Caji ba ya ɓacewa, ba ya kuma taruwa a mahaɗa ya yi ta ƙaruwa, don haka duk abin da ya shigo dole ya fita. Wannan ita ce dokar farko ta Gustav Kirchhoff, wadda ya fitar a shekarar 1845 yana ɗalibi a jami'ar Königsberg, kuma babu kusurwa ko ɗaya a cikinta, tarawa ce da ɗebewa irin ta ajin firamare. Ma'anar amfiya da duniya take amfani da ita a yau ma ta ƙara fito da wannan fili, domin tun daga ranar 20 ga Mayu, 2019, an ɗora ta ne a kan ƙayyadadden cajin ilektiron guda, wato kulom 1.602176634 × 10⁻¹⁹, ta yadda awon kwarara ya koma ƙirga caji a kan lokaci ƙarara.

Akwai wata hujjar da nake ganin ta fi ta mahaɗa sauƙi, ko da yake ba a cika kawo ta ba. Muna koya wa ɗalibai cewa a da'ira, wato zagayen wayar da wuta ke bi, idan aka jera kayanta a layi ɗaya, kwarara ɗaya ce a ko'ina, kuma gaskiya ne. To amma wayar da ke cikin wannan da'ira takan nufi gabas, ta karya arewa, ta juyo yamma, ta gangaro kudu kafin ta koma batir. Bekta kuwa da zarar alƙiblarta ta sauya, ita ma ta sauya, ko da girmanta yana nan. Motar da ta sha kwana ba tare da ta rage gudu ba, a lissafin fiziks saurinta mai alƙibla ya canza. Da kwarara bekta ce, da ba mu da bakin cewa ɗaya ce a ko'ina cikin da'irar, sai dai mu ce tana sauyawa a kowace kwana. Maganganun nan biyu ba sa zama a tukunya ɗaya, kuma wadda amita ta gaskata ita ce ta farko.

To, kibiyar fa? Abin da kibiyar take faɗa zaɓi ne tsakanin abu biyu kacal: ko caji yana bin wayar daga wannan kai zuwa wancan, ko daga wancan zuwa wannan. Bekta ta gaskiya tana iya fuskantar kowane sashe a sarari, sama ko ƙasa, gabas ko kudu maso yamma, ba iyaka. Zaɓi tsakanin biyu kuwa ba ya buƙatar bekta, alamar tarawa ko ta ɗebewa ta ishe shi, kuma sikela da yawa suna ɗaukar irin wannan alama ba tare da kowa ya yi musu ba. Zafi yana sauka ƙasa da sifiri a rubuta shi da alamar ɗebewa, caji ma akwai mai tarawa da mai ɗebewa. Asalin kalmar ma yana nuna haka. Masanin lissafin nan na ƙasar Ailan, William Rowan Hamilton, shi ne ya shigo da kalmomin sikela da bekta da wannan ma'ana a shekarun 1840, kuma ta farkon ta samo tushe ne daga kalmar Latin mai nufin tsani. A kan tsani ana hawa ana sauka, ana iya kasancewa sama da wani mataki ko ƙasa da shi, amma ba a ratsewa gefe. Wanda ya taɓa sauya wayoyin amita mai nuna lamba, ya sa ja a wurin baƙa, ya ga wannan da idonsa: 0.7 ɗin nan tana nan, alamar ɗebewa ce kawai ta bayyana a gabanta.

Ya kamata a ƙara da cewa ita kanta kibiyar yarjejeniya ce ta mutane. Benjamin Franklin ne, a tsakiyar ƙarni na 18 a Amurka, ya raɗa wa nau'o'in caji biyu sunan mai tarawa da mai ɗebewa, daga nan aka saba ɗaukar cewa kwarara tana tashi daga na farko zuwa na biyu. Sai a shekarar 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron a Kambirij ta Ingila, aka kuma fahimci cewa a cikin wayar ƙarfe ilektiron ne suke tafiya, masu cajin ɗebewa, kuma suna bin akasin kibiyar da aka daɗe ana zanawa. Ba a sake zana kibiyoyin ba, babu kuma lissafin da ya rushe, domin cajin ɗebewa mai tafiya hagu da cajin tarawa mai tafiya dama abu guda suke bayarwa a wajen ƙidaya. A cikin ruwan gishiri ma nau'o'in biyu suna tafiya lokaci guda, kowanne ya nufi nasa sashen, amma gudummawarsu taruwa take yi ta zama kwarara ɗaya. Injiniya da yake warware da'ira mai rassa da yawa yakan zana kibiyoyinsa yadda ya ga dama tun kafin ya san amsa, idan lissafi ya ba shi lamba mai alamar ɗebewa sai ya gane cewa cajin akasin zatonsa yake bi.

Ba ina cewa babu alƙibla a cikin abin da ke faruwa a waya ba. Akwai ta, kuma fiziks ya ware mata adadi nata na kanta, wanda a rubuce ake yi masa alama da harafin J, ni kuma nake kiransa cunkoson kwarara. Shi yana faɗa mana, a kowane ɗigo a cikin ƙarfen, yawan cajin da ke ratsa kowane murabba'in mita da kuma sashen da ya nufa, kuma bekta ne cikakke mai bin dokar kusurwa. Haka ma saurin da ilektiron suke gusawa da shi bekta ne, kuma mutane kan yi mamakin ƙanƙantarsa: a wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita ɗaya da ke ɗauke da amfiya ɗaya, gusawar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita a daƙiƙa ba, wato ƙasa da santimita 30 a awa guda. Dangantakar waɗannan da kwarara ita ce kamar ta ruwan sama da zoben da aka riƙe a cikinsa. Ɗigon ruwan yana da sashen da yake faɗowa, zoben ma yana da inda ya fuskanta, idan aka karkata shi ɗigon da zai ratsa ya ragu. Amma adadin ɗigon da ya ratsa a daƙiƙa lamba ce tsura, ba ta kallon gabas ba ta kallon yamma. A lissafi ana ninka cunkoson kwarara da faɗin wurin da ya ratsa ta irin ninkin da yake haɗiye alƙiblu biyun ya bar lamba, kuma wannan lambar ita ce kwarara.

Amfanin raba waɗannan biyu ba a takarda kaɗai ya tsaya ba. Fis ɗin da ake sa wa na'ura don ya kare ta siririyar waya ce da aka jera a layi ɗaya da mai kauri. Kwararar da ke bin su ɗaya ce, amma a cikin siririyar cunkoson ya ninka sau da yawa saboda hanyar ta tsuke, shi ya sa ita ce take fara zafi ta narke idan kaya ya yi yawa. Ɗalibin da ya cakuɗa kwarara da cunkosonta ba zai iya bayyana dalilin da ya sa wuri ɗaya ya ƙone sauran suka tsira ba, tunda an riga an gaya masa cewa abin da ke bin su duka ɗaya ne.

Akwai ƙorafi biyu da masu ilmi kan kawo, kuma ba na ganin ya dace a share su. Na farko ya shafi maganaɗisu. A shekarar 1820 Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan an kusanto da ita ga wayar da wuta ke bi, kuma a cikin wannan shekarar André-Marie Ampère na Faransa, wanda aka sa wa ma'aunin kwarara sunansa, ya nuna cewa wayoyi biyu da ke jere suna janyo juna idan kwarararsu ta bi sashe guda, suna kuma ture juna idan ta saɓa. Mai ƙorafi zai ce ga shi nan ƙiri-ƙiri alƙibla tana aiki, domin idan aka juya wayar ƙarfin ma juyawa yake yi. Gaskiya ne, amma a duba wa yake da alƙiblar. A dokar Biot da Savart, wadda da ita ake lissafa maganaɗisun da ke kewaye da waya mai ɗauke da wuta, da ma a lissafin ƙarfin da maganaɗisu yake yi wa waya, abin da ake rubutawa shi ne kwarara a ninka ta da ɗan guntun tsawon waya, kuma wannan guntun shi ne bekta, shi ne yake kwance gabas ko yake tsaye sama. Kwarara tana ba da yawa, shimfiɗar wayar tana ba da alƙibla. Wanda ya lanƙwasa waya ya sauya yanayin maganaɗisun da ke kewaye da ita, amma bai taɓa abin da amita take nunawa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan ƙarfi, kuma daga bakin masu aikin lantarki na fi jin sa. Sukan ce a wutar da ke kai-komo, irin wadda ake rabawa a gidaje, idan aka haɗa razista, wato abin da ke rage kwarara, a reshe ɗaya da kafasita, wato abin da ke tara caji wanda masu gyara suke kira kwandensa, a ɗaya reshen, na farko ya ja amfiya 3 na biyu ya ja 4, abin da za a gani a babbar waya 5 ne, ba 7 ba. Har ma injiniyoyi suna zana waɗannan kwarara da kibiyoyi masu kusurwar digiri 90 a tsakaninsu, su haɗa su kamar yadda muka haɗa jan igiyoyi, hanyar da Charles Steinmetz ya taimaka wajen yaɗa ta a Amurka a shekarun 1890. Wanda ya ga haka yana da uzuri idan ya ce ashe dai bekta ce.

Amma wannan kusurwa ba a sarari take ba, a lokaci take. Ko an shimfiɗa rassan biyu kafaɗa da kafaɗa, ko an raba su gabas da yamma, amsar 5 ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba irin kusurwar igiyoyin ba ce. Abin da ke faruwa shi ne kwarara biyun ba sa kaiwa ƙololuwa tare. A wutar da ke zagaye 50 a daƙiƙa, ta kafasita tana riga ta razista da rubu'in zagaye, wato kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa. Mu ɗauka 3 da 4 ɗin nan su ne ƙololuwar kowacce. A lokacin da ta razista ta kai 3, ta kafasita tana kan sifiri, jimla 3. A lokacin da ta kafasita ta kai 4, ta razista tana kan sifiri, jimla 4. A wani ɗan lokaci tsakanin waɗannan biyu, ta razista tana kan 1.8, ta kafasita tana kan 3.2, jimla 5, kuma wannan shi ne mafi girman abin da jimlar za ta taɓa kaiwa. A lura cewa a kowane ɗayan lokutan nan uku tarawa ce ta yau da kullum muka yi, 1.8 da 3.2 suka ba da 5, dokar Kirchhoff ba ta gusa ko taƙi ba. Ba a samun 7 ne kawai saboda babu lokacin da 3 da 4 suke haɗuwa a mahaɗar tare. Kibiyoyin injiniya dabara ce ta taƙaita wannan lissafi na lokaci, dabara mai kyau ƙwarai, amma ba suna nuna wani sashe na duniya da kwarara ta fuskanta ba ne.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana malamai shi ne mu daina tsayawa a rabin ma'ana. Idan za mu rubuta a allo cewa bekta tana da girma da alƙibla, mu ƙarasa da cewa kuma tana haɗuwa da 'yar'uwarta gwargwadon kusurwar da ke tsakaninsu, sannan mu kawo waya da amita a gwada a gaban kowa, tunda gwajin ba ya cin fiye da minti goma. Masu rubuta littattafan makaranta su ma suna da nasu rabon, domin da yawa daga cikinsu sukan kawo kwarara a matsayin wani abu da ya fita daga doka, a ce wa ɗalibi ya haddace shi a matsayin togiya. Ba togiya ba ce ko kaɗan, tana bin dokar sau da ƙafa idan an faɗi dokar cikakkiya. Yaron da aka saba masa da cewa kimiyya tana da dokoki masu ramuka da ake cikewa da hadda, da wuya ya sake ɗaga hannu ya yi tambaya, kuma irin waɗanda suke lura da saɓanin su ne waɗanda fannin ya fi buƙata.

Akwai kuma wani abu da ya shafi masu rubuta kimiyya da Hausa, waɗanda nake ganin suna da damar da za su kauce wa wannan ruɗani tun daga tushe. Littattafan Turanci da muke koyarwa da su sukan yi amfani da kalma guda a wurare biyu, a ce ƙarfi yana da ita, a ce kwarara ma tana da ita, ɗalibi kuwa ya ɗauka abu ɗaya ake nufi. Ba dole ne mu gaji wannan ba. Shawarata ita ce mu keɓe kalmar alƙibla ga bekta kaɗai, wato ga abin da yake fuskantar wani sashe a sarari, ita kuwa kwarara mu ce tana da mashiga da mafita a jikin waya. Na gwada wannan a aji na shekaru, na kuma ga cewa ɗalibin da ya saba cewa kwarara ta shiga ta nan ta fita ta can ba ya neman ya haɗa ta da kusurwa idan ya zo mahaɗa. Haka ma sunan cunkoson kwarara da na yi amfani da shi a sama, ƙirƙirata ce don buƙatar aji, kuma zan yi farin ciki idan malaman fiziks da masana harshe da ke karanta wannan jarida suka auna waɗannan kalmomi, suka rubuto ta wannan fili da gyara ko da waɗanda suka fi su dacewa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin fiziks a makarantar sakandare